Shayi da Kayan Ƙamshinsa

Duk wanda ya taɓa zama bisa bencin mai shayi da sassafe, ko bayan sallar lisha, ya san wata gardama wadda ba ta ƙarewa. Wani ya ce a zuba masa citta da kanumfari har sai ya ji su a maƙogwaro, na kusa da shi kuwa ya yamutsa fuska ya ce ai wannan ruwan yaji ne. Wani ya ce sai da madara, wani ya ce madara kashe ganye ta ke yi. Ga wani Ba'abzine can gefe da 'yar butarsa bisa gawayi, yana dubansu duka da mamaki, gama shi a wurinsa ganyen da ba a dafa shi sau uku ba bai isa a kira shi shayi ba. Masu wannan gardama suna tsammani su suka fara ta, alhali kuwa ta girmi kakannin kakanninsu, don an rubuta ta cikin littafi a ƙasar Sin yau fiye da shekara 1,200. Tarihinta za mu bi a nan, mu ga wanda ya fara zuba wa shayi ƙamshi, da abin da ya sa, da kuma yadda mai saye zai rarrabe ƙamshin da aka sa domin ado da wanda aka sa domin a rufe masa ido a karɓi kuɗinsa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san shayi na ainihi ganyen itace guda ne tak. Asalinsa duwatsun da ke tsakanin kudu maso yammacin Sin da arewacin Bama da ƙasar Asam ta Indiya, inda ruwan sama ya ke da yawa. In an bar shi ya kan yi tsawo ya zama babban itace, amma manoma su kan datse shi daidai ƙugu, su riƙa tsinkar toho da sababbin ganye biyu na bisa. Koren shayi da baƙin shayi duk daga itacen nan su ke fitowa, aikin da a ke yi wa ganyen ne ya bambanta. Ka ga yadda goro ya kan sake launi in an ɓare shi an bar shi a iska? To, haka ganyen shayi ya ke yi in an murza shi an shanya, sai ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya yi nauyi, shi ne baƙin shayi. In kuwa aka yi maza aka gasa shi cikin kasko, ko aka turara shi tun yana ɗanye, wuta ta kan hana shi sakewa, ya tsaya kore.

Sunansa ma tarihi ne. Yawancin mutanen Sin "ca" su ke ce masa. Sunan nan ya bi fatake ta tudu har Farisa, ya zama "cai", Larabawa suka ce "shai", mu kuma muka ce shayi. Amma mutanen gaɓar teku na lardin Fujiyan "te" su ke cewa, sunan nan kuwa shi ya bi jiragen ruwa na mutanen Holan ya shiga Turai, Ingilishi suka ce "ti". Saboda haka Bahaushen da ya ce shayi da wanda ya ce ti, kowa yana faɗin hanyar da ganyen ya biyo ne, ko da bai sani ba. Ɗaya ta raƙumi, ɗaya ta jirgi.

To, a zamanin da, mutanen Sin ba su shan shayi zalla. Dafa shi su kan yi kamar miya, su jefa albasa da citta da ɓawon lemo da magarya da na'ana'a, su bar shi ya yi ta tafasa. Watau gauraye shi ne tsoho, zalla shi ne ya zo daga baya. Wanda ya tsaya haiƙan ya yaƙi wannan al'ada wani masani ne mai suna Lu Yu, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan shayi wajen shekara ta 760, kusan lokacin da Halifa Mansur ke shirin gina Bagadaza. Ya bayyana irin ƙasar da ta dace da itacen, da lokacin tsinka, da kayan dahuwa, har da irin ruwan da ya fi, inda ya sa ruwan maɓuɓɓugar dutse a gaba, na kogi a tsakiya, na rijiya a baya. Da ya zo kan masu zuba albasa da citta bai sassauta musu ba, ya kwatanta abin da su ke sha da ruwan kwata. Shi kansa kuwa gishiri kaɗan ya yarda a sa. Ni dai da na karanta labarinsa sai na ce lalle da Lu Yu zai zauna bisa bencin mai shayi a Kano, da ba a tashi lafiya ba.

Maganarsa ta kama masu mulki da malamai, har ɗanɗanar shayi ta zama fanni na ilmi. A zamanin daular Sung, daga 960 zuwa 1279, manya su kan taru su yi gasa. A kan niƙa ganye ya yi laushi, a zuba ruwan zafi, a kaɗa shi da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa, sa'an nan a duba na wa ya fi fari, na wa kuma ya fi daɗewa bai kwanta ba. Har sarkin Sin da kansa, Huizong, ya rubuta littafi a kan shayi a 1107. Mutanen Japan da suka ɗauki abin sai suka mai da shi caca. A ƙarni na 14 a kan jera wa mutum finjali da yawa, ya kurɓa ya faɗi gonar da kowane ganye ya fito, wanda ya dace ya kwashe abin da aka zuba.

Duk da haka ƙamshi bai mutu ba a Sin, hanya kawai ya sake. Maimakon a jefa abu cikin tukunya, sai aka koyi sa wa ganyen ƙamshi tun yana busasshe, gama ganyen shayi yana da wani hali, duk warin da ya kusance shi sai ya zuƙe. A birnin Fuzhou su kan tsinko furen yasmin da rana tun bai buɗe ba, da dare ya yi, sa'ad da furen ke buɗewa, a shimfiɗa shi hawa-hawa tare da koren ganye. Da safe a tsince furen a zubar, a busar da ganyen, in ana son mai tsada a sake kawo sabon fure, a yi haka sau da yawa. Mai sha ba zai ga fure ba, amma zai ji shi a hanci kafin finjali ya iso baki. A duwatsun Wuyi kuma akwai wani baƙin shayi da a ke busarwa bisa hayaƙin wani itace mai ƙaro, sai ya fito da ƙauri kamar na ƙyafaffen kifi. Wanda bai saba ba ya kan ce tukunya ce ta ƙone, masu sonsa kuwa ba su haɗa shi da kome. Can bisa tudun Tibet, inda sanyi ke kisa, su kan dafa curin ganye su kaɗa shi da man wata saniya mai gashi da gishiri, ya zama abinci da abin sha a haɗe. Curin nan na shayi ya daɗe yana tafiya a maimakon kuɗi a waɗannan ƙasashe, kamar yadda kantun gishirin Bilma ya yi a wajenmu.

Mutanen Holan suka fara kai shayi Turai wajen 1610. A Ingila ya sami shiga gidajen manya bayan 1662, sa'ad da sarkinsu Charles na biyu ya auri Catherine, 'yar sarkin Fotugal, wadda ta ke son shansa. Da gwamnati ta ga mutane sun kamu, sai ta ɗora masa kuɗin fito, ta yi ta ƙarawa, har ya kai kashi 119 bisa ɗari, watau harajin ya fi kuɗin ganyen. Harajin shayi ne ma ya sa mutanen Boston ta Amurka suka kifar da akwati 342 cikin teku ran 16 ga Disamba, 1773, abin da ya zama ɗaya daga cikin mafarin yaƙinsu na neman 'yanci. A Ingila kuwa tsadar ta haifi abu biyu, fasa-ƙwauri da algus.

Nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe kunne. Talaka yana son shayi, ba shi da kuɗin na kirki, sai maha'inta suka tashi. Su kan tsinko ganyen itatuwan jeji su busar, su rina, su gauraya da ɗan shayi kaɗan. Waɗansu su kan bi gidajen masu arziki su sayi tuƙar da barori suka zubar, su shanya ta su sake sayarwa. Akwai ma masu jiƙa ganye cikin ruwan kashin tumaki don ya yi launi. Aka yi ta kafa doka tun daga 1725, abin bai bari ba, sai da aka sauko da harajin zuwa kashi 12 da rabi bisa ɗari a 1784, shekara 20 kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, sa'an nan fasa-ƙwaurin ya mutu. Algus kuwa ya ci gaba. Wani Bature masanin tsiro mai suna Robert Fortune, wanda ya shiga cikin Sin a ɓoye a 1848 yana neman iri, ya ga da idonsa yadda a ke barbaɗa wa koren ganye wani shuɗin fenti haɗe da garin farin dutse mai kama da alli. Ya ƙiyasta cikin kowane fam 100 na ganye akwai fiye da rabin fam na wannan abu. Masu aikin ba su shan irin wannan, na baƙi ne kawai, don baƙi sun fi son ganye mai ƙyalli. Labarin nan yana cikin abin da ya juya Ingilishi daga koren shayi zuwa baƙi.

Ko shayin nan mai suna Earl Grey, wanda yau a ke ɗauka na manya ne, tushensa bai rasa ƙura ba. Ƙamshinsa daga man ɓawon wani lemo ne mai suna bagamot, wanda a ke nomawa a lardin Kalabiriya, kudancin Italiya. Sunan kuwa na Charles Grey ne, firayim ministan Ingila daga 1830 zuwa 1834, wanda a zamaninsa aka yi dokar 1833 ta 'yanta bayi a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Amma tun kafin a laƙaba wa shayin sunansa, 'yan kasuwa suna ɗiga man lemon nan bisa ganye mai araha don ya yi kama da mai tsada. Abin da aka fara domin rufa-ido shi ne daga baya ya zama ado, mutane suka so shi don kansa. Ɗanɗanonsa mai sauƙi ne, ƙamshinsa kamar an murza ganyen lemo a hannu, kuma a ganina madara ba ta yi masa kyau.

Saboda irin wannan ha'inci, da kuma yawan dukiyar da ke ciki, sai ɗanɗanar shayi ta zama sana'a mai albashi. A Landan an yi gwanjon shayi tun daga 1679 har zuwa 1998, kuma babu attajirin da zai taya akwati sai maɗanɗaninsa ya kurɓa tukuna. Hanyarsu ita ce a daidaita kome, don kada a zalunci wani ganye. Bisa ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita a 1980, a kan auna giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, cikin farar butar tangaram, a rufe minti 6, sa'an nan a tsiyaye. Maɗanɗani ya duba busasshen ganye, ya sunsuna jiƙaƙƙen, ya duba launin ruwan, kana ya zuƙa da ƙarfi da cokali har ya yi ƙara, don ruwan ya fantsama ko'ina cikin baki, ya tofar, ya wuce na gaba. A gaban surukai wannan rashin kunya ne, amma su da shi su ke ci.

Ingilishi sun gaji da zuba wa Sin azurfa, sai suka nemi inda za su noma shayi da kansu. A 1823 aka nuna wa wani Bature mai suna Robert Bruce itacen yana fitowa a dajin Asam, inda mutanen wurin suka daɗe suna amfani da shi, kuma a Janairun 1839 aka yi gwanjon shayin Asam na farko a Landan. A tsibirin Silon, wanda a ke kira Siri Lanka tun 1972, James Taylor ya fara gonarsa a 1867. Ba a daɗe ba wata cuta ta cinye gonakin gahawa na tsibirin, sai manoma suka koma shayi, Thomas Lipton kuma ya sayi gonaki can a 1890. Shayin Asam mai kauri ne, mai bauri, ya kan jure madara da sukari. Na tudun Silon ya fi shi haske da kaifi. Na Dajilin, can gindin duwatsun Himalaya, siriri ne mai ƙamshi, wanda in ka zuba masa madara ka yi hasarar kuɗinka.

Abin dariya kuwa, yawancin mutanen Indiya ba su damu da shayi ba sai a ƙarni na 20, sa'ad da ƙungiyar masu gonaki ta shiga tallarsa a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu. Masu sayarwa a bakin hanya suka karɓa, amma suka yi shi yadda bakinsu ya saba. Suka dafa shi cikin madara da sukari da citta da kirfa da kanumfari da masoro da wata 'yar ƙwaya mai ƙamshi wadda Larabawa ke kira hel. Masu gonaki ba su ji daɗin haka ba, gama mai zuba kayan yaji ba ya bukatar ganye da yawa. Ga gardamar Lu Yu ta sake tashi, sai dai wannan karo riba ce ta tayar da ita. Masu teburi suka yi rinjaye, yau shayin nan mai yaji shi ne abin shan Indiya.

Yanzu sai mu juyo wajenmu. Shayi ya shiga fadar Maroko a matsayin kyauta daga Turawa tun zamanin Sarki Maulaya Isma'ila, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, amma bai sauko wurin talakawa ba sai ƙarni na 19, sa'ad da jiragen Ingila suka riƙa sauke shi da yawa a Tanja da Suwaira. Irin da suka so shi ne koren ganyen Sin wanda a ke murzawa ya dunƙule ƙanana-ƙanana, har Turawa ke ce masa albarushi. Shi kaɗai ɗaci gare shi da bauri. Mutanen Maroko kuwa tun da can suna dafa na'ana'a su sha, saboda haka suka haɗa su, suka fasa curin sukari suka jefa. Da damina ko da sanyi, in na'ana'a ta yi wuya, su kan sa wani ganye mai ɗaci, shiba, ɗan'uwan tazargade. Daga nan ayari ya ɗauki al'adar ya ratsa Sahara da ita.

Ba ta iso da wuri ba. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a Janairun 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ba da labari ya miƙa wa wani saurayi ɗan gidan sarauta finjalin ti, saurayin ya ƙi taɓawa, don ya ji an ce Baturen yana iya mai da mutum ɓera ko kyanwa ko biri, sai da aka sa wani bara ya shanye a gabansa. Shekara 30 bayan wannan, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya tarar a Tambutu Larabawa ne ke shan shayi, 'yan gari kuwa ya fi ƙarfin aljihunsu. A Kano ma haka abin ya fara, a gidajen fataken Gadamas da Tarabulus, waɗanda ayarinsu ke kawo shi tare da sukari da takarda da alharini. Abzinawa suka riƙe shi har ya zama musu kamar goro a wurinmu. Ganye ɗaya a kan dafa sau uku cikin 'yar buta, ana ɗaga ta sama ana tsiyayawa don ya yi kumfa. Na farko ɗaci da ƙarfi, na biyu ya sassauto, na uku kusan zaƙi ne zalla, shi a kan ba yara. Wanda ya sha na farko ya tashi bai kyauta wa mai gida ba. Daga Agadas zuwa Tawa da Damagaram har yau haka a ke yi.

Akwai hanya ta biyu, ta gabas, wadda alhazai ke bi ta Barno da Wadai da Darfur. Mutanenmu da yawa sun zauna a Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, sa'ad da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A can baƙin shayi a ke sha, wanda su ke kira ja, da kirfa ko kanumfari ko na'ana'a, kuma mata ne suka fi sayar da shi a gindin itatuwa. Hanya ta uku ita ce ta jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya cika kantuna da baƙin shayin Indiya da Silon cikin ƙunshi, da sukari mai ƙwaya, da madarar gwangwani. Madarar Peak ta shigo a 1954. Daga wannan hanya teburin mai shayi da burodi ya fito.

To, ina citta da kanumfari suka shigo? Su ai 'yan gida ne, shayi ne baƙo. Tun kafin Bahaushe ya ji sunan shayi yana zuba citta da kanumfari da masoro da kimba cikin fura da kunu da yajin mai jego. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku, can gabas mai nisa, daga baya aka dasa shi a Zanzibar da Pemba a farkon ƙarni na 19, sunansa kuwa daga Larabci muka aro. Kimba da masoro na kurmi ne, su kan biyo fatake daga kudu. Citta mai yatsu kuwa ga ta nan a kudancin Jihar Kaduna, wajen Kachiya da Kwoi, har waje a ke fita da ita. Da baƙon ganye ya zo, sai aka yi masa abin da a ke yi wa kunu, daidai yadda mutanen Indiya da na Maroko suka yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Ganyen kansa ma ya matso kusa. An fara dasa shi a Kenya a 1903, yau kuwa gwanjon Mombasa yana cikin manyan kasuwanninsa na duniya, kuma tun shekarun 1970 akwai gonarsa a Kakara bisa tudun Mambila, cikin Jihar Taraba.

Saura waɗanda a ke kira shayi alhali babu ganyen shayi cikinsu ko ɗaya. Zoɓo, wanda mu kan sha da sanyi, mutanen Masar da Sudan su kan sha shi da zafi, suna ce masa karkade. Gezar nan da mu kan saƙa kwando da ita, a Senegal da Mali ganyenta a ke dafawa, su ce kinkeliba, da shi mutane da yawa ke buɗa baki da azumi. A Afirka ta Kudu akwai wani ɗan kurmi mai suna rooibos, a yankin duwatsun Cederberg ya ke yi, wanda aka fara cinikinsa wajen 1904, ruwansa ja ne mai ɗan zaƙi, ba shi da bauri sosai. Bambancinsu da shayi na ainihi shi ne babu sinadarin nan kafin a cikinsu, wanda ke cikin shayi da gahawa da goro, mai hana barci. Saboda haka tsoho da mai fama da rashin barci sun fi dacewa da su da dare. Ya kamata kuma a sani baurin shayi ya kan rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda ke gina jini, don haka mai ciki da mai ƙarancin jini gara su bar tazara tsakanin tuwo da shayi. Masu cewa kaza yana warkar da cuta arba'in kuwa, wannan maganar talla ce.

Wanda ya ke so ya gwada da kansa ba ya bukatar butar tangaram ta Landan. Ya sami tambulan uku ko huɗu iri ɗaya, ya sa ƙaramin cokali guda na kowane iri, ya zuba ruwa daga buta ɗaya, ya rufe su lokaci ɗaya. Kada ya sa sukari tukuna, gama sukari ya kan mai da kowane shayi ɗaya. Ya fara da mai sauƙi, kamar na yasmin ko na ciyawar nan mai ƙamshin lemo, ya ƙare da mai citta da masoro, don in yaji ya riga shiga baki sauran duka lami za su zama. Koren ganye ba ya son ruwa mai tafasa ƙwarai in za a jiƙa shi ne kawai, a bar ruwan ya ɗan huce, in ba haka ba ɗaci zai danne kome.

Sa'an nan ya bar su su huce ya sake kurɓa, nan a ke kama ɓarawo. Ganye na kirki da aka yi wa ado da ƙamshi, in ƙamshin ya tafi za ka tarar da shayi a ƙarƙashinsa, da baurinsa da nauyinsa. Wanda aka fesa wa turaren kanti don a ɓoye tsufansa, ƙamshinsa ya kan daki hanci da an buɗe ƙunshi, amma da ya huce sai ka ji ruwan ɗumi mai warin ƙura. Ka kuma zazzage tuƙar bisa faranti ka duba, ko ganye ne ya buɗe, ko kara da gari. In ruwa ya yi ja jawur tun ganye bai daɗe ciki ba, musamman in ka gwada da ruwan sanyi ya rine nan da nan, to, akwai rini a ciki. Ni kaina na fi son in sayi ganye zalla, in sayi cittata da kanumfarina a wurin mai koli inda ido ke gani, in daka a gida. Kanumfari uku sun isa buta guda, kimba kuwa rabin ɗaya, in ta wuce haka sai ta kashe sauran. Ganyen kuma a ajiye shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da sabulu da kananzir, don halin nan nasa da ya sa ya zuƙi furen yasmin a Fuzhou, shi zai sa ya zuƙi abin da ke kusa da shi a ɗakin girki.